Tarihin Awon Ruɓewar Leda a Birnin Landan

A bajen kolin ƙasa da ƙasa da aka yi a Landan a shekarar 1862, Alexander Parkes ya baje wani sabon abu da ya raɗa wa suna Parkesine. Daga zaren tsirrai ya sarrafa shi, ba daga man fetur ba, kuma masana da dama na ɗaukar sa a matsayin robar farko da ɗan'adam ya ƙera. Kamfanin da aka kafa masa a Hackney Wick a 1866 ya durƙushe cikin shekara biyu. A wancan zamani ƙarko ake nema. Babu wanda ya damu da ranar ruɓewa.

Sai da aka shafe fiye da ƙarni guda kafin a mayar da hankali kan wannan batu. A shekarar 2000 Turai ta fitar da ma'aunin EN 13432, Hukumar Ma'aunai ta Birtaniya, wato BSI, mai hedikwata a Landan, ta karɓe shi. Sharuɗɗansa masu tsauri ne. Dole kashi 90 cikin ɗari na kabon ɗin leda ya koma iska cikin wata shida. Bayan mako 12, abin da zai rage a rariya mai ƙofar milimita 2 kada ya wuce kashi 10, kuma kada takin da aka samu ya cutar da shuka. Sai dai ana yin gwajin ne a zafin da ya kai maki 58, irin na masana'antar taki. Ashe yanayin masana'anta aka auna, ba na juji ba.

Bincike ya fallasa wannan giɓi. A 2019 Imogen Napper da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth suka tono ledojin da aka ce masu ruɓewa ne bayan shekara uku a ƙasa, suka tarar har yanzu suna ɗaukar kaya. A 2022 masu bincike na jami'ar UCL ta Landan, waɗanda suka sa jama'a yin gwajin a gidajensu, suka bayyana cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na robobin da ke da shaidar ruɓewa a takin gida ba su narke gaba ɗaya ba.

Hatimin irin wannan ma'auni kan biyo kaya har kasuwannin Afirka ta Yamma. Ƙwayoyin halittar da ke cinye leda ba sa aiki sai da danshi, juji a Kano ko Maraɗi kuwa kan yi watanni a bushe tun daga hunturu har faɗuwar damina.