Wa Ya Tsayar Da Lambar Da Ke Jikin Rimot?

Duk gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, da wuya bazara ta shiga ta fita ba a yi gardama a kan rimot ba. Maigida na son 18, uwargida ta ce sanyi ya shiga ƙashinta, wanda ke biyan kuɗin wuta kuma ya ce a mayar 26. Kowa na ganin jikinsa ne alƙali. To amma lambar nan tana da tarihi, kuma in ka bi sawunsa za ka tarar tela da ɗan siyasa sun fi likita sa hannu a cikinta.

Tun farko ma ba don mutum aka ƙera na'urar ba. A shekarar 1902 wani matashin injiniya mai suna Willis Carrier ya tsara ta saboda wata maɗaba'a da ke Brooklyn a birnin New York. Danshin iska yakan sa takarda ta kumbura, launukan da ake bugawa su ƙi hawa kan juna. Danshin ake yaƙa, sanyin kuwa gyara ce aka samu a kan ciniki. Sai a shekarun 1920 gidajen silima suka gane cewa sanyi na jawo masu kallo, majalisar dokokin Amurka ta sa tata a 1928 da 1929, ƙananan na'urorin taga kuma suka bazu cikin gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da aka koma sanyaya mutane sai tambaya ta taso: digiri nawa ne daɗi? A nan tela ya shigo. A 1941 wasu masana uku, Gagge da Burton da Bazett, suka ƙirƙiro ma'aunin ɗumin tufafi, suka kira shi clo. Clo ɗaya shi ne adadin suturar da za ta sa mutumin da ke zaune ba ya aikin ƙarfi ya ji daidai a ɗaki mai digiri 21 a ma'aunin Salshiyas. Wace sutura ce wannan? Kwat da wando da taguwar ciki, kayan ma'aikacin ofis na Turai da Amurka. Daga baya, a 1970, wani farfesa ɗan ƙasar Denmak, Ole Fanger, ya fitar da lissafin da injiniyoyin gini suka daɗe suna dogara da shi. Fanger bai ce ga lamba ɗaya ta kowa ba. Abubuwa shida ya lissafa: zafin iska, zafin da bango da rufi ke fitarwa, danshi, motsin iska, tufafi da aikin da mutum ke yi. Amma masu kula da gine-gine ba sa son dogon lissafi, sai suka riƙe 21 zuwa 23 suka bar sauran. A 2015 wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan suka nuna cewa ƙiyasin zafin jikin da ake amfani da shi na namiji ne ɗan shekara 40 mai nauyin kilo 70, shi ya sa mata da yawa ke rawar sanyi a ofis. Ashe uwargida ba rigima take nema ba.

Ɗan siyasa kuwa tsadar mai ce ta shigo da shi. Bayan juyin juya halin Iran, a watan Yulin 1979, Shugaba Jimmy Carter ya ba da umarni kada a sanyaya ofisoshi da shaguna da gidajen abinci ƙasa da digiri 78 a ma'aunin Amurkawa, wato kusan 26 a namu. Umarnin bai shafi gidajen kwana ba, kuma Ronald Reagan ya soke shi a farkon 1981. Sai dai lambar ta ƙi mutuwa. Ta zama shawarar da hukumomin makamashi ke ba magidanta, har a 2019 da aka yayata cewa a bar gida a 78 da rana, a ɗaga zuwa 82 lokacin barci, Amurkawa suka yi ca a kafofin sada zumunta kamar an taɓa musu gado.

Labarin Japan ya fi ba ni sha'awa, domin su sun gane cewa ba a taɓa lambar sai an taɓa rigar. A wannan shekara ta 1979 Firaminista Masayoshi Ohira ya fito da kwat mai gajeren hannu don a rage shan wuta. Aka yi dariya, kwat ɗin ya bi ruwa. Bayan shekara 26 gwamnatin Junichiro Koizumi ta sake gwadawa da wata dabara. A 2005 ministar muhalli Yuriko Koike ta ƙaddamar da shirin Cool Biz: a bar ofis a digiri 28, a ajiye kwat da nektayi a gida tsawon lokacin zafi. Wannan karon abin ya karɓu, saboda manya ne suka fara tuɓewa. Ƙaramin ma'aikaci ba zai shiga gaban shugabansa da taguwa zalla ba sai ya ga firaminista ya yi haka a talabijin. Ita 28 ɗin ma ba don ta fi daɗi aka zaɓe ta ba, ita ce iyakar sama da dokar lafiyar gine-ginen ƙasar ta yarda da ita, kuma ma'aikata sun yi ta ƙorafin gumi.

Wasu ƙasashen sun biyo baya, kowa da tasa. Sin ta tsayar da 26 a gine-ginen jama'a a 2007. Sifaniya ta ce 27 a 2022, lokacin da yaƙin Yukiren ya tsadantar da iskar gas, har Firaminista Pedro Sánchez ya bayyana gaban 'yan jarida ba nektayi. Indiya ce ta shiga har cikin ɗakin kwana, amma cikin ladabi: daga farkon 2020 duk sabuwar na'ura tana fitowa daga masana'anta a saite a 24, mai ita na da ikon canzawa. Hukumar tattalin makamashin ƙasar ta ce kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da ake sha.

Akwai kuma wani reshen bincike da ya fi kusa da mu. Fergus Nicol da Michael Humphreys, masana daga Ingila, sun ƙi tsayawa a ɗakin gwaji, suka dogara da abin da mutane ke faɗa a wuraren aikinsu na yau da kullum, har da na ƙasa mai zafi irin Pakistan. Aka gano cewa abin da mutum ke kira daɗi yana hawa yana sauka tare da yanayin waje. Wanda ya saba da zafi, ya sa sakakkiyar riga, fanka na kaɗawa, yakan ji daidai a digirin da zai sa mai kwat ya jiƙe sharkaf. A 2004 ƙa'idar injiniyoyin Amurka ta amince da wannan ga gine-ginen da ake buɗe tagoginsu.

Mu a Yamai ko Injamena ko Marwa, inda watan Afrilu kan haura digiri 40, al'adar da yawanmu ita ce a danna rimot har ƙasa, 16, wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. Lambar ba ta ƙara wa na'ura ƙarfi. Tana gaya mata ne inda za ta tsaya ko ta rage gudu. Ɗakin da rana ta wuni tana dukan kwanon rufinsa da wuya ya sauka 16, don haka injin ba ya hutawa, mita na ta gudu, in janareta ne kuma mai na ta ƙonewa. Wanda ya dawo daga kasuwa cikin 42 ya shiga ɗaki mai 26 ya riga ya sauko digiri 16, kuma shadda ce ko atamfa a jikinsa, ba kwat ɗin da aka yi awo da shi a 1941 ba.