Ciwon sukari na masu juna biyu: Nauyin da ke kan iyali a watannin ƙarshe

A garuruwa da ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin jihar Kano, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da zarar ciki ya kai wata bakwai sai tsofaffin mata su soma maganar zaƙi.

Bisa al'ada, an ɗauka cewa yawan shan kayan zaƙi yana tara wani abu a jikin mace wanda ke tare hanyar haihuwa, ya sa naƙuda ta yi tsawo. Shi ya sa akan jiƙa wa mai ciki saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci domin ta zubar da shi.

Likitoci ma suna da abin da suke fargaba a daidai wannan lokaci, wato ciwon sukari na masu juna biyu. Sai dai shi a cikin jini yake, jiƙo ba ya wanke shi, kuma gwajin asibiti ne kaɗai ke nuna shi.

Mene ne wannan ciwo?

Ciwo ne da ke bayyana a karon farko lokacin da mace ke ɗauke da ciki, galibi bayan wata na biyar.

Jikin mutum yana samar da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini zuwa sassan jikin da ke buƙatarsa. Yayin da ciki ke girma, mabiyiya na fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin ɗin.

Jikin akasarin mata yakan ƙara yawan insulin domin cike giɓin. A wajen wasu kuwa abin ba ya isa, sai sukari ya taru a jininsu, ya kuma riƙa ƙetarawa zuwa ga ɗan da ke ciki.

Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa cikin kowace haihuwa shida a duniya, ɗaya na zuwa ne tare da hauhawar sukari a jinin uwa, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗannan mata ciki ne ya jawo musu.

Haɗarin ya fi yawa ga mace mai ƙiba, da wadda ta haura shekara 35, da wadda iyayenta ko 'yan uwanta ke da ciwon sukari. Haka nan wadda ta taɓa haifar jariri mai nauyin kilo huɗu ko fiye, ko ta taɓa haifar ɗa ba rai ba tare da an san dalili ba.

Yadda ake gano shi

Mata da yawa ba sa jin komai. Masu jin alamu kuwa, kamar ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, sukan ɗauka laulayin ciki ne kawai.

Ana yin gwajin ne tsakanin mako na 24 da na 28. Mace za ta kwana ba ta ci komai ba na aƙalla sa'o'i takwas, a ɗebi jininta da safe, a ba ta ruwan da aka narka giram 75 na sukarin gulukos ta sha, sannan a sake ɗibar jinin bayan sa'a ɗaya da kuma bayan sa'o'i biyu.

A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, ana cewa mace na da ciwon idan awon farko ya kai milimol 5.1 a kowace lita, ko na biyu ya kai 10.0, ko na uku ya kai 8.5. A na'urorin da ke awo da miligiram, alƙaluman su ne 92 da 180 da 153.

Gwajin fitsari da aka saba yi a wurin awon ciki yana iya jan hankali, amma bai isa ya tabbatar da ciwon ko ya kore shi ba.

Tun daga 2016 dai hukumar ke ba da shawarar mai ciki ta ga jami'in lafiya aƙalla sau takwas, kuma biyar daga ciki suna faɗowa ne daga mako na 30 zuwa na 40.

Illolin da ake gudu

Idan sukari ya yi yawa, ɗan da ke ciki yakan yi girman da ya wuce kima. Wannan na iya jawo doguwar naƙuda, ko kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko kuma a kai ga yin tiyata. Doguwar naƙuda kuwa ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari.

Ciwon yana ƙara wa uwa haɗarin hawan jini da jijjiga, yana kuma iya sa ruwan ciki ya yi yawa. Shi kuma jariri yana iya fuskantar faɗuwar sukari a sa'o'insa na farko, ko shawara, ko wahalar numfashi. Idan aka bar ciwon ba kulawa, ɗan na iya mutuwa a ciki dab da haihuwa.

Amma akasarin matan da aka gano ciwon nasu da wuri aka kuma kula da shi, suna sauka lafiya.

Tukunyar gida

Matakin farko na magani shi ne gyara cin abinci, kuma a nan ne iyali ke shigowa, domin mai ciki ba ita ke yin cefane ba, sau da yawa kuma ba ita ke da girki ba.

Kudancin Kano yanki ne na noman shinkafa da masara da rake. Tuwon shinkafa da na masara, da koko mai sukari, da burodi da shayi, su ne abincin yau da kullum, kuma dukkansu suna saurin ɗaga sukarin jini idan aka ci da yawa a zama ɗaya.

Ba a hana mai ciki tuwo, ba a kuma son ta zauna da yunwa. Abin da ake so shi ne a rage malmala, a ƙara miya da ganye, kamar zogale da rama da alayyafo da kuɓewa, tare da wake ko ƙwai ko awara ko nama, ko kifin da ake kamawa a madatsar ruwa ta Tiga.

Ya fi kyau ta ci kaɗan-kaɗan sau uku, da ɗan abin taɓawa kamar gyaɗa ko nono marar sukari a tsakani. Lemon kwalba da rake da mazarƙwaila da alewa sai a jingine su. Zuma ma sukari ce a wajen jini, duk da matsayinta a magungunan gargajiya.

A gidan da ake girki ɗaya, wajibi ne mai gida ya sanar da uwargida ko amarya da kuma mahaifiyarsa abin da likita ya ce, don kada a ɗauki rage tuwo a matsayin tsirfa. Idan kuma matar za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, to katin awo da magunguna da wannan bayani su bi ta can.

Tattaki na minti goma zuwa goma sha biyar bayan kowane cin abinci yana taimakawa ƙwarai, kuma tsakar gida ma ta wadatar ga matar da ba ta fita.

Magani da awon jini

Inda hali ya yi, akan so iyali su mallaki ƙaramar na'urar awon sukari. Abin da likitoci suka fi nema shi ne awon safe kafin karin kumallo ya kasance ƙasa da 5.3, na sa'a ɗaya bayan cin abinci kuma ƙasa da 7.8.

Idan mako ɗaya ko biyu suka wuce abinci kaɗai bai saukar da sukarin ba, likita kan rubuta ƙwayar metformin ko allurar insulin. Allurar ba ta cutar da ɗan da ke ciki, kuma yawanci ana daina ta da zarar an haihu.

Zafi na lalata insulin. A gidajen da ba firji, akan sa shi cikin mazubi mai murfi a ajiye a tukunyar ƙasa mai sanyi, irin tukunya cikin tukunya da malamin nan na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a shekarun 1990.

Ya kamata kowa a gidan ya san alamun faɗuwar sukari ga mai yin allura: rawar jiki, da gumi, da jiri, da ruɗewa. A irin wannan hali ne kaɗai ake gaggauta ba ta ruwan sukari.

Batun azumi

Jagorar da IDF da ƙawancen likitoci kan ciwon sukari da Ramadan suka sabunta a 2021 ta sanya masu ciki da ke da ciwon cikin waɗanda ake shawarta kada su yi azumi, musamman masu yin allura.

Wannan bai saɓa wa fiƙihu ba. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a arewacin Najeriya, mai ciki da ke tsoron cutuwar kanta ko abin da ke cikinta tana da sauƙin ajiye azumi ta rama daga baya. Wadda ta ƙudurta yi, ya dace ta tuntuɓi likita tun a watan Sha'aban.

Shirin haihuwa

Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a yankin arewa maso yamma, ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na haihuwa ne ake yi a asibiti. Ga mace mai wannan ciwo, haihuwar gida kasada ce babba, domin maƙalewar kafaɗa da faɗuwar sukarin jariri ba abubuwa ne da ungozomar gargajiya za ta iya magancewa ba.

Likitoci ba sa son irin wannan ciki ya kai mako 41, kuma sukan sa a haihu kafin nan idan hoton ciki ya nuna ɗan ya yi girma ko sukari ya ƙi sauka.

Nisa ma abin dubawa ne. Daga Riruwai, hedikwatar Doguwa, zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala a birnin Kano tafiyar sa'o'i ce, ta Dajin Falgore da Tudun Wada. Don haka tun ciki na wata takwas ya kamata mai gida ya san asibiti mafi kusa da ke yin tiyata, ya tanadi kuɗi da mota da wanda zai ba da jini, ya kuma bar izinin a tafi da ita ko da ba ya nan.

Raguwar motsin ɗa, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska, da zubar jini ko ruwa, alamu ne da ba a jiran gari ya waye a kansu.

Bayan haihuwa

Ana so a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a kuma ci gaba da ba shi duk bayan sa'o'i biyu zuwa uku. Dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne ke riƙe sukarin jininsa a wannan lokaci.

A wajen yawancin mata sukari yakan daidaita bayan fitar mabiyiya. Duk da haka ana buƙatar sake gwaji tsakanin mako shida zuwa sha biyu, wato jim kaɗan bayan arba'in, sannan a riƙa maimaitawa a kai a kai, da kuma kafin wani cikin.

Dalili kuwa shi ne, wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2009 ya gano cewa matan da suka yi wannan ciwo sun ninka sauran mata kimanin sau bakwai wajen haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin.

Saboda haka kunun jego ma sai an kula da sukarin da ake zuba masa, kuma sauyin da aka yi wa tukunyar gida lokacin goyon ciki ya cancanci ya ɗore bayan suna.