Alƙawarin Aiki Har Ritaya: Tarihin Ma'aikatan Kamfanin IBM

Kamfanin IBM na ƙasar Amurka, wanda aka kafa a 1911 da sunan CTR kafin a sauya masa suna a 1924, yana cikin wuraren da suka fi bayyana amfani da illar aiki a babban kamfanin fasaha, domin a tarihinsa ne aka ga faɗin inuwar da ma'aikaci yake samu, aka kuma ga abin da yake sadaukarwa kafin ya zauna a cikinta.

Thomas J. Watson, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a 1914, shi ne ya kafa al'adar riƙe ma'aikaci ko da kasuwa ta yi sanyi. A lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, sa'ad da masana'antu suke ta sallamar jama'a, ya bar masana'antarsa ta garin Endicott a jihar New York tana ci gaba da ƙera injunan lissafi masu aiki da kati mai huda, wato takarda mai kauri da ake adana bayanai a kanta ta hanyar huda ramuka. Da gwamnati ta kafa dokar tallafin tsufa a 1935, ta kuma buƙaci injunan da za su riƙe bayanan miliyoyin ma'aikata, sai kwangilar ta faɗa hannun IBM saboda kayansa suna jibge. A wannan zamanin ne kamfanin ya buɗe makarantar horar da ma'aikata, ya samar musu da inshorar rai, ya kuma soma biyan su albashi a lokacin hutun shekara, abubuwan da leburori da yawa ba su san da su ba a lokacin.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A wancan zamanin an san jami'in IBM da kwat mai duhu da farar riga da laktai, an hana shi shan giya a bakin aiki, har ma akwai waƙoƙin yabon kamfani da ake rerawa a taruka. Ana yawan yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan, ya kwashi iyalinsa ya bi, yara su sauya makaranta, zumunci ya yi rauni. Haka nan wanda ya shafe shekara ashirin yana kula da sashe guda na babbar kwamfuta yakan ƙware ƙwarai a tsarin gidan, amma ƙwarewar ba lallai ta yi masa amfani a wani wuri ba.

Raunin wannan yarjejeniya ya fito fili ne bayan ƙananan kwamfutoci sun ci kasuwar manya. Kamfanin da ma'aikatansa suka haura 400,000 a tsakiyar shekarun 1980 ya tafka asarar kimanin dala biliyan 8 a 1993, shekarar da aka ɗauko Louis Gerstner daga waje ya shugabance shi, aka kuma shiga sallamar ma'aikata gadan-gadan, har adadinsu ya sauko zuwa kusan 220,000 a 1994. Garuruwa irin su Endicott, waɗanda cinikinsu ya dogara da albashin IBM, sun daɗe suna jin jiki.

Kamfanonin da suka biyo baya sun jawo ƙwararru da albashi mai tsoka da abinci kyauta da hannun jari, amma ba su maimaita alƙawarin aiki har ritaya ba, kuma a Janairun 2023 kaɗai uwar kamfanin Google ta sanar da sallamar mutum 12,000, Microsoft kuma 10,000. Abin da tarihin IBM ya tabbatar shi ne, horo da ƙwarewar da babban kamfani yake bai wa ma'aikaci suna bin sa duk inda ya tafi gwargwadon yadda ya faɗaɗa su, amma kujerar da yake kai tana nan ne muddin riba tana shigowa.