AZURFAR NAVAJO: BANKIN DA AKE RATAYAWA A WUYA

Jama'a, za ka ga masu tara kayan tarihi a Amurka suna rububin tsofaffin sarƙoƙi da mundayen ƙabilar Navajo, masu ɗauke da shuɗin dutsen nan fairuz. To amma ta yaya kayan suka bar hannun masu su?

Navajo, waɗanda ke kiran kansu Diné, suna cikin mutanen asali na Amurka, mazauna Arizona, New Mexico da Utah. A 1864 sojoji suka ƙone musu gonaki, suka kashe tumakinsu, suka kora dubbansu a ƙafa tafiyar kusan mil 300 zuwa sansanin Bosque Redondo. Sai a 1868 aka bar su suka koma gida, kusan hannu rabbana.

A wannan zamanin ne ƙirar azurfa ta kafu a cikinsu. Wanda ake ɗauka maƙerin farinsu na farko, Atsidi Sani, wajen wani maƙerin Mekziko ya koyi sana'a. Sulallan azurfar Amurka da Mekziko suke narkawa su yi zobba, mundaye da ɗamara. Wajen 1880 suka fara dasa fairuz a kan azurfar. Hatta jinjirin watan da ke rataye a ƙasan shahararriyar sarƙarsu, wanda suke kira naja, daga adon linzamin dawakan Sifaniyawa suka ɗauko shi.

Abin lura shi ne, waɗannan kaya su ne bankinsu. A wancan zamanin, makiyayi sau biyu yake ganin kuɗi a shekara: lokacin sayar da ulu da lokacin sayar da 'yan raguna. A tsakani, sai iyali su kai sarƙa kantin Bature su jinginar, su karɓi fulawa, sukari da gahawa. In kaka ta yi kyau a fanso. In wa'adi ya wuce, shi ke nan, jingina ta mutu, mai kanti ya sayar wa baƙo. Da yawa daga cikin tsofaffin kayan da ake gwanjonsu yau da tsada ta wannan ƙofar suka fita. Abin da wani ke alfahari da shi a falonsa, gadon wata jika ne da yunwa ta cinye.

Ga kuma matsalar jabu. Duk da dokar 1990 da ta haramta sayar da kaya da sunan ƙirar 'yan asali alhali ba tasu ba ce, an kama 'yan kasuwa a New Mexico suna shigo da na kwaikwayo daga Filifins, suna karya wa maƙeran Navajo kasuwa.

Yau ma akwai gidajen da suka riƙe nasu, kaka ta ba 'ya, 'ya ta ba jika, ana sawa ranar biki. Kai da aka bar wa zobe ko sarƙa, in matsi ya zo ka yi tunani sau biyu kafin ka kai ta kasuwa. Allah Ya rufa mana asiri.