Tahamisi: Gini Kan Aikin Wani Ba Tare Da Sata Ba

A yau da an ce wani ya ɗauki rubutun wani ya yi ƙari a kai, sai hankali ya tafi ga satar fasaha. Ni kuwa ina ganin tarihin ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwa a Madawa, Buza da Keita yana da abin da zai koya mana a kan wannan magana.

Mu ɗauki Ishiriniya, wadda ake rerawa a zaurukanmu na Adar cikin watan Mauludi. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara ta, kowane harafi da baitoci ashirin. Amma wadda muke rerawa aikin mutum biyu ce, don Ibn Mahib ya yi mata tahamisi. Ga yadda ake yi: baitin asali yana da ɗango biyu, sai mai tahamisi ya ɗora ɗango uku nasa a gabansu, da amsa-amon da ya dace da ɗangon farko na mai waƙar. Ƙwar biyu ta koma ƙwar biyar, ba a taɓa ko wasali ɗaya na asalin ba.

Malaman Sakkwato sun kawo wannan salo cikin Hausa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta bi ta hannu uku: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, ɗiyarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta mayar da ita Hausa, autansa Isa Mai Kware ya yi mata tahamisi. Har yau an san rabon kowa.

Da ɗab'i ya zo, al'adar ba ta mutu ba. An kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA kuma ta buga waƙoƙin ajami a shekarun 1950. Sai dai abin da ya fi cika kasuwanninmu daga ƙananan maɗaba'un Kano ya fito. Ɗan kasuwa zai biya gwanin rubutu, irin su Sharu Bala Gabari, ya kwafe littafi da alƙalami da tawada, a ɗauki hoton shafukan a buga a takarda mai araha. Ta haka hannun marubucin da adon da ya zana suka shiga dubban gidaje. Daga kasuwar Kurmi fatake ke ɗauko su, su biyo ta Sakkwato, Illela da Ƙwanni har su iso mu. A ƙarshen littafi sau da yawa za ka ga sunan mai kwafi da na wanda ya ɗauki nauyin bugu, tare da roƙon addu'a.

Wannan shafin na ƙarshe shi ne nake jin tsoron mu rasa. Yanzu ana ɗaukar waƙa a waya, a yanke farkonta da ƙarshenta, a watsa a WhatsApp babu suna. Ɗalibaina ma kan kawo mini baiti mai daɗi, in na tambayi mai shi, sai su ce a waya suka gani. Shi ya sa nake sa su yi wa karin magana ko baiti ɗaya ƙari da nasu kalmomin, su rubuta sunan wanda suka ara a sama, nasu a ƙasa. Magabata ba su hana aro ba, sun dai shar'anta a ambaci mai kaya, don shi ma ya samu rabonsa na addu'a.