Gidajen Turawa a Gindin Dutsen Patti

Kogin Kwara, wanda ya ratsa ƙasar Bagudo da ta Yawuri, in ya yi ta gangarawa kudu sai ya gamu da Binuwai a Lakwaja. A nan akwai wani dutse babba mai shimfiɗaɗɗen kai, ya tsaya bisa garin kamar mai gadi. Sunansa Patti, watau dutse ke nan da harshen Nufanci. A gindinsa ne Turawa suka kafa unguwarsu.

Wani likita, Baikie, shi ne Baturen da ya fara zama sosai a wurin, wajen shekarar 1860. Bayansa Kamfanin Kwara ya riƙe garin, har ran 1 ga Janairu 1900, ranar da aka sauke tutar Kamfani aka ɗaga ta Ingila a gaban Gwamna Lugga.

Gidajen da aka yi wa ma'aikatan Gwamnati abin kallo ne. Ba a kwaɓa musu ƙasa ba, ba a yi musu azara ba. Daga Ingila aka yanko katakonsu da ƙarafansu, aka auno kome, aka ɗoro a jirgin ruwa, sa'an nan aka harhaɗa su a nan. Kowane gida an ɗora shi bisa dirkokin ƙarfe, har mutum ya iya sunkuyawa ya shige ƙarƙashinsa, domin iska ta ratsa, gara da danshi kuma kada su sami hanya. An rufe su da kwano, an yi musu baranda mai faɗi da tagogi da yawa. A can ƙwanƙolin dutsen kuma aka yi wa Gwamna wani ɗan gida na hutawa, inda mutum ke hango mahaɗar kogunan nan biyu sarai, da kowane jirgi da ya taso.

Me ya sa suka ƙi bakin kogi, inda kasuwa da jama'a suke? Zazzaɓi ne. Ya kashe Turawa da yawa a Lakwaja, maƙabartunsu da ke garin su ne shaida. Cikin 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gane a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar cutar daga jikin wani zuwa na wani. Daga nan masu mulki suka ce maganin abin shi ne a hau tudu, a nisanci gidajen 'yan ƙasa. Haka aka yi a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda har jirgin ƙasa aka shimfiɗa cikin 1904 don ya riƙa kai Turawa unguwarsu ta kan dutse. A Nijeriya kuwa aka kafa ƙa'ida a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin bariki da gari. Don haka hanyoyin bariki suka zama masu faɗi, gida can gida can, na gari kuwa suna nan a matse yadda suke.

Amma fa dabarar da sauranta. Kuku da boyi da mai doki duk a bayan gidan Bature suke kwana, sauro kuwa bai san yadi 440 ba. Abin da filin nan ya raba da gaske mutane ne.

A ƙasa, cikin garin, aka ajiye waɗansu baƙi dabam, watau sarakunan da Turawa suka tuɓe. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka kama cikin 1903, nan ya ƙare kwanansa, ya rasu cikin 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin mawaƙi, shi ma nan ya rasu cikin 1924. Mutanen da dā ake faɗuwa a gaishe su cikin soraye, ga su a unguwa ɗaya da fatake da masunta, gidan Gwamna yana bisa kansu. Kaburburansu suna unguwar Kabawa.

Gwamna Lugga kansa bai daɗe a Lakwaja ba. Ya koma Jabba, cikin 1902 kuma ya zarce Zungeru. Garin ya zauna matsayin hedkwatar Lardin Kabba, daga baya kuma da aka yi Jihar Kogi cikin 1991, ya zama babban birninta. Waɗansu daga cikin gidajen katakon nan sun lalace, waɗansu an mai da su ofisoshi, ɗaya kuma aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihin zamanin Turawa.