Da me ake auna ƙwazon malamin makaranta?

Tukuicin ƙwazo wani ƙarin kuɗi ne da ake ba malami bisa albashinsa in yaran ajinsa suka yi abin kirki. A Nijar ba haka tsarin yake ba: albashin ma'aikacin gwamnati yana bin takardar shaidarsa da daɗewarsa a aiki, ƴan kwantaragi kuma kuɗinsu bai kai na ma'aikata ba. Kafin a ce wane ya cancanci ƙari, sai an san yadda za a auna shi. Hanyoyi uku ne aka saba da su.

Ta farko, a yi wa malamin jarrabawa. A 2017, lokacin minista Daouda Mamadou Marthe, an gwada malaman firamare ƴan kwantaragi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Ƙungiyoyin malamai sun ƙi amincewa da gwajin. Irin wannan jarrabawa tana nuna abin da malami ya sani, amma ba ta nuna yadda yake koyarwa.

Ta biyu, sufeto ya shiga aji ya gani da idonsa. Sai dai lakwal ɗin ƙauye mai nisa kan daɗe ba a leƙa ta ba.

Ta uku, sakamakon yara. A yammacin Kenya, ƙarshen shekarun 1990, an ba malamai kyauta bisa makin ɗalibansu. Maki ya hau, amma da aka daina kyautar ya koma inda yake, don bitar jarrabawa aka ƙara, ba karatu ba.

Ga kuma yawan yara. A jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an gano ƙananan yara a aji mai mutum 13 zuwa 17 sun fi na aji mai 22 zuwa 25 ganewa. To, mushen da ke fama da cunkoso cikin rumfar zana fa? In an gwama makinsa da na mai aji na siminti da teburi, an zalunce shi, kuma kowa sai ya guji aikin ƙauye.

Shi ya sa masana ke cewa a duba inda yaro ya faro da inda ya kai a ƙarshen shekara. Iyaye ma suna da ma'auninsu: shin mushe yana zuwa kullum? Yara nawa ne a ajin? Yaronku na iya karanta layi guda? Ku kai waɗannan tambayoyi taron COGES na makarantarku.